JIRGIN SAMA A BISA JIRGIN RUWA: Yadda Indiya Ta Sha Fama Wajen Koya Wa Tejas Sauka A Teku

Ran Asabar, 11 ga watan Janairu na shekarar 2020, da hantsi, wani ɗan ƙaramin jirgin saman yaƙi mai inji guda ya taso daga Goa, a gaɓar yammacin ƙasar Indiya, ya doshi tekun Arabiya inda wani ƙaton jirgin ruwan soja mai suna Vikramaditya yake tafiya. Da ya hango shi sai ya kewayo ta bayansa, ya saki ƙafafu, ya sauko da wata ƙugiya ta ƙarfe daga ƙarƙashin wutsiyarsa, ya faɗo bisa doron jirgin ruwan yana gudun wajen kilomita 240 a awa. Ƙugiyar ta sarƙafo ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe 3 da aka gitta a kan doron, nan take jirgin ya tsaya cik, bai ci ko mita 100 ba. Direbansa, Kwamado Jaideep Maolankar na rundunar sojan ruwan Indiya, ya buɗe murfi ya sauko lafiya lau. Kashegari jirgin ya tashi daga bisa wannan doro ya koma sama.

Saukar duka ba ta wuce sakan 2 ko 3 ba, amma shekara 17 aka yi ana shirinta. Sunan jirgin Tejas, watau haske da harshen Sanskirit na mutanen Indiya na dā, kuma a ƙasar aka zana shi aka ƙera shi. Abin mamaki a cikin labarin shi ne, tun shekara 3 kafin wannan rana manyan sojan ruwan sun riga sun faɗa a bainar jama'a cewa ba da shi za su tafi yaƙi ba, kuma ba su janye maganar ba ko bayan da ya sauka.

Mai karatu da ke zaune a Sharabi, ko wani ƙauye na ƙasar Bagudo can bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, yana iya cewa ina ruwan biri da gada? Tsakaninsa da teku ya fi kilomita 500, babban ruwan da ya sani shi ne Kwara, jirgin da ya saba gani a kansa kuwa na katako ne. To, amma nisan nan ya ragu. A daren 25 ga watan Disamba na 2025 sojojin Amurka suka kai hari a kan maɓoyar 'yan ta'adda a Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Kebbi, Gwamnatin Tarayya kuma ta bayyana cewa daga tekun Gini aka taso da harin. Har wa yau, a cikin Disamba na 2023 shugaban kamfanin Hindustan Aeronautics, mai ƙera Tejas, ya ambaci Nijeriya cikin ƙasashen da suke magana da su a kan cinikin irin jirgin na tudu. Wanda aka kawo wa doki talla, ba laifi ya nemi labarin ɗan'uwan dokin.

Inda Gizo Ke Saƙa

Bahaushe ya yi wa abubuwan nan suna ɗaya, na ruwa jirgi, na sama jirgi, amma haɗa su wuri guda yana cikin ayyuka mafiya wuya da injiniyoyi suka taɓa ɗauka. Titin saukar jiragen sama na tudu yakan kai kilomita 2 ko 3, kuma yana nan inda aka bar shi. Doron Vikramaditya kuwa gaba ɗaya tsawonsa wajen mita 284 ne, wurin da ake sauka wani yanki ne kawai daga ciki, sa'an nan yana tafiya gaba, yana tangaɗi, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana saukewa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin shigar da jaki cikin kwale-kwale a mashigin Kwara ya ɗan san irin abin da ake nufi.

Direban jirgin tudu in ya kusa ƙasa yakan ɗaga hancin jirgin kaɗan, ya rage saurin faɗuwa, ya ajiye tayoyi a hankali. Na teku ba shi da wannan sarari, gama in ya tsaya lallaɓawa sai ya wuce igiyoyin duka. Saboda haka yadda ya gangaro, haka yake dukan doron. Ana ƙera ƙafafun jirgin tudu su jure faɗuwa mai saurin mita 3 cikin sakan guda, na teku kuwa sai sun jure wajen mita 7. A ido bambancin kamar ninki biyu ne da 'yan kai, amma a lissafin masana ƙarfin dukan ya fi ninki 5. Misalinsa, na farko kamar a ɗaga jirgin ne tsayin da bai kai rabin mita ba a sake shi, na biyun kuwa kamar a ɗaga shi tsayin katangar gida, mita 2 da rabi, a sake shi, kuma a yi ta maimaita haka sau ɗaruruwa ba tare da ya tsage ba.

Ga kuma batun ƙugiya. Sa'ad da ta kama igiya, duk nauyin jirgin da gudunsa a kanta suke ratayuwa, in ba a ƙarfafa ƙashin bayan jirgin tun daga wutsiya har tsakiya ba, sai ta fizge bayansa ta bar gaba ya wuce cikin ruwa. Wani abin da baƙo ba zai zata ba shi ne, da zarar tayoyi sun taɓa doro, direba buɗe wa injin wuta yake yi gaba ɗaya maimakon ya rage, domin in ƙugiyar ta kuskure igiyoyin ya sami ƙarfin sake tashi ya kewayo. Watau igiyar tana kokawa da gudun jirgin da kuma injinsa a lokaci guda.

Tejas yana da nasa ciwon na musamman. Fiffikensa mai kusurwa uku ne, irin wannan fiffike kuwa in jirgi ya rage gudu sai ya ɗaga hanci sama ƙwarai, har direba ya kasa ganin inda zai sauka. Dole aka sake fasalin gaban jirgin, aka rusunar da hancin ƙasa, aka kuma ƙara waɗansu 'yan fukafukai masu motsi a gindin manyan, don ya iya zuwa a hankali ba tare da ya ɓingire ba. Aka sa masa hanyar zubar da mai a sama in ta kama ya sauka da gaggawa, tun da akwai iyakar nauyin da igiya za ta iya tsayarwa. Iskar teku kuma gishiri gare ta, tana cin ƙarfe da tsatsa, sai da aka sake duba kayan da aka yi kowane sashe da shi.

Duk waɗannan gyare-gyare nauyi suke ƙarawa, nauyi kuwa shi ne babban abokin gaban tashi. Jiragen ruwan Amurka da na Faransa suna da wata majaujawa a ƙarƙashin doro, wadda ke fizgar jirgin sama ta wurga shi sama da kayansa duka. Na Indiya ba su da ita. Abin da suke da shi wani tudu ne a gaban jirgin, mai hawan digiri 14, jirgin sama ya zaburo daga nisan mita 200 ko ƙasa da haka, ya hau tudun ya cilla sama da ƙarfin injinsa kaɗai. Saboda haka kowane kilo na ƙarfe da aka ƙara wa ƙafa ko ƙashin baya, kilo ne aka rage daga mai ko makami. Babban jirgi mai inji biyu yana da rarar da zai haɗiye wannan asara. Ƙarami ba shi da ita, don tun farko an ƙera shi ne daidai wa daida.

Waɗanda Suka Riga Indiya

Ba Indiya ce ta fara cin karo da wannan dutse ba. Tun ran 18 ga Janairu na 1911 wani Ba'amurke, Eugene Ely, ya sauka da jirginsa a kan wani dandamalin katako da aka kafa bisa jirgin yaƙi mai suna Pennsylvania a mashigin ruwan San Faransisko. Igiyoyi aka gitta masa, aka ɗaura buhunan yashi a bakin kowace, ƙugiyoyin jirginsa suka ja su har ya tsaya. Dabarar ke nan har yau, sai dai yashi ya ba injuna wuri.

A Yaƙin Duniya na Biyu Ingilishi suka ɗauki shahararren jirginsu Spitfire suka sa masa ƙugiya, suka kira shi Seafire. A sama ba shi da na biyu, amma ƙafafunsa sirara ne kuma kusa da juna, an yi su ne don filin ciyawa. A yaƙin Salerno na ƙasar Italiya, cikin Satumba na 1943, waɗanda suka kakkarye wajen sauka bisa jiragen ruwa sun ninka waɗanda Jamusawa suka harbo nesa ba kusa ba.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Jaguar, jirgin da Ingila da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera. Faransa ta so ta yi masa na teku, aka ƙera na gwaji ya tashi a 1969, aka gwada shi bisa jirgin ruwa mai suna Clemenceau, aka tarar ba ya amsa wuta da hanzarin da ake bukata in an kuskure sauka, musamman in inji ɗaya ya mutu. A 1973 aka soke shirin, sojan ruwan Faransa suka ɗauki Super Etendard. Na tudun kuwa ya yi kasuwa, har Nijeriya ta sayi 18 waɗanda suka fara isowa a 1984 aka ajiye su a Makurɗi, ko da yake ba su cika shekara 10 suna aiki ba aka jingine su saboda tsadar kulawa.

Amurka ma, da duk arzikinta, ba ta tsira ba. A 1975 majalisarta ta so sojan ruwa su ɗauki ƙaramin jirgin da sojan sama suka zaɓa, watau F-16, don a rage kashe kuɗi. Sojan ruwa suka ƙi, suka ɗauki abokin takararsa mai inji biyu, YF-17, kuma kafin a gama gyara shi don teku ya zama wani jirgi dabam, mai nauyi da girma fiye da na asali, har aka sake masa suna F/A-18. Jirgin koyo na Ingila mai suna Hawk kuwa, da Amurka ta zaɓa a 1981 bisa zaton gyara kaɗan zai bukata, sai da ya ci shekara 10 kafin ya shiga aiki da sunan T-45.

In aka juya al'amarin, sai a ga sauƙi. Jiragen da aka ƙera don teku tun asali, irin su Skyhawk da Phantom na Amurka, ƙasashe da yawa sun saye su sun yi aiki da su a tudu ba tare da wata wahala ba. Wanda ya saba da ɗaukar buhu ba ya jin nauyin ƙunshi. Faransa ta koyi wannan karatu, shi ya sa da ta zo ƙera Rafale ta zana na tudu da na teku tare tun daga takarda.

Tafiyar Tejas

Gwamnatin Indiya ta amince da shirin ƙera ƙaramin jirgin yaƙi nata na kanta a 1983, don ya gaji MiG-21 na Rasha, irin wanda Nijeriya ma ta saya a tsakiyar shekarun 1970. A 1984 aka kafa hukumar da za ta zana shi a birnin Bangalor. Aikin ya yi ta jan ƙafa, ga ƙarancin kuɗi, ga kuma takunkumin da Amurka ta sa bayan gwajin bam ɗin nukiliya na 1998, wanda ya yanke taimakon da kamfanonin Amurka ke bayarwa wajen kwamfutar da ke sarrafa fukafukai. Jirgin gwaji na farko bai tashi ba sai ran 4 ga Janairu na 2001. Firayim Minista Atal Bihari Vajpayee ne ya raɗa masa suna Tejas a 2003, a shekarar nan kuma aka amince a yi masa na teku.

Su sojan ruwan Indiya ba baƙin wannan sana'a ba ne. Tun 1961 suke da jirgi mai ɗaukar jiragen sama, Vikrant na farko, wanda suka saya daga Ingila, kuma jiragensa sun yi ruwan bama-bamai a Chittagong da Cox's Bazar a yaƙin 1971 da ya haifi Bangaladash. Amma duk abin da ya taɓa tashi daga bisa jiragensu na saye ne, na Ingila ko na Faransa ko na Rasha. Burinsu shi ne su ga nasu a kan nasu.

An zaci aikin 'yan shekaru ne, tun da ga jirgin tudu a hannu, gyara kawai za a yi. Sai ran 6 ga Yuli na 2010 aka fito da na gwaji na farko, mai kujera biyu, a gaban Ministan Tsaro A.K. Antony, kuma bai tashi ba sai ran 27 ga Afrilu na 2012. Da ya tashin ma, bayan 'yan kewaye kaɗan aka mai da shi rumfa, domin injiniyoyin da ba su taɓa yin ƙafar jirgin teku ba sun ji tsoron kada ta karye, suka zuba mata ƙarfe fiye da kima. Ba a ga laifinsu ba ƙwarai, gama ran mutum ne zai hau, amma nauyin ya zauna wa jirgin a wuya.

Kafin a kusanci teku, sai da aka gina wa jirgin makaranta a tudu. A sansanin sojan ruwa na Hansa da ke Goa aka yi kwaikwayon doron jirgin ruwa, da tudun tashi yana fuskantar teku, da igiyoyin tsayarwa, bisa tsarin wanda Rasha ta gina a Kirimiya tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Ran 20 ga Disamba na 2014 Tejas ya cilla daga wannan tudu karo na farko. Na gwaji na biyu, mai kujera ɗaya, ya tashi ran 7 ga Fabrairu na 2015 a hannun Kyaftin Shivnath Dahiya.

Ana cikin haka, a farkon Disamba na 2016, babban hafsan sojan ruwa, Admiral Sunil Lanba, ya gaya wa 'yan jarida abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa, cewa jirgin ya fi ƙarfin injinsa nauyi, ba zai iya tashi daga jirgin ruwa da cikakken mai da makamai ba, saboda haka rundunarsa za ta nemi wani. Watan da ya biyo aka aika wa kamfanonin duniya takardar neman bayani a kan jirage 57. Masu zanen sun ji zafin maganar, amma in kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Jirgin yaƙin da zai tashi da rabin tanki da makami biyu, ba zai yi nisa da uwar ɗakinsa ba, balle ya kare ta.

Injin da ake magana a kansa ma ba na Indiya ba ne. An so a sa wa Tejas inji na gida mai suna Kaveri, ya kasa kai ƙarfin da ake nema, aka raba shi da shirin a 2008, aka ci gaba da F404 na kamfanin General Electric na Amurka. Kayan aro ba ya rufe katara: injuna 99 da aka yi odarsu a 2021 don sabon samfurin sojan sama, na farkonsu bai iso ba sai a Maris na 2025, jirage suka yi ta jira a masana'anta.

Sojan ruwa suna da wani dalili kuma, watau inji ɗaya. Direban da injinsa ya mutu a bisa tudu yana iya neman fili ko titi, wanda nasa ya mutu a tsakiyar teku kuwa sai dai laima da rigar iyo. Gaskiya ne an yi shahararrun jiragen teku masu inji ɗaya, Skyhawk da Super Etendard duk haka suke, amma su majaujawa ke wurga su.

A wata ƙasar, nan labarin zai ƙare, a tura jiragen gwajin bayan rumfa kaji su yi ta ƙwai a ƙarƙashinsu. Indiya ba ta yi haka ba. Aka sauya wa shirin manufa, aka ce tun da ba zai yi yaƙi ba, to ya zama allon koyon karatu. Aka shiga gwada ƙugiya a Goa, da fari jirgin yana gudu a ƙasa ya kama igiya, ana ƙara saurin kaɗan kaɗan, har ran 13 ga Satumba na 2019 Kwamado Maolankar ya sauko daga sama ya kama ta. Wata 4 bayan haka aka yi saukar Vikramaditya. Shi wannan jirgin ruwa tsohon na Rasha ne, Admiral Gorshkov, wanda Indiya ta biya fiye da dala miliyan dubu 2 aka sabunta mata, ta karɓe shi a 2013. Cikar burin sai ran Litinin, 6 ga Fabrairu na 2023, sa'ad da Shivnath Dahiya ya sauke Tejas a bisa sabon Vikrant, mai tsawon mita 262, wanda aka ƙera a Kochi aka ƙaddamar ran 2 ga Satumba na 2022. Kusan shekara 20 bayan da aka amince da shirin, jirgin Indiya ya sauka a kan jirgin Indiya. A watan Agusta na shekarar aka tashi da na gwaji na uku.

Riba Ko Asara

In da awon ɗan kasuwa za a auna, an faɗi. Jirage 3 kacal suka tashi, babu ko ɗaya da ya shiga rundunar yaƙi. Jiragen MiG-29K guda 45 da aka saya daga Rasha su ne suka riƙe aikin, alhali rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnatin Indiya na 2016 ya nuna cewa waɗanda ke da lafiyar tashi a cikinsu ba su kai rabi ba a shekarun da ya duba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a cikin Afrilu na 2025 Indiya ta sa hannu da Faransa a kan sayen Rafale na teku guda 26, a kan kuɗi fiye da dala miliyan dubu 7.

Amma akwai abin da ba ya shiga littafin ɗan kasuwa. Yadda ake lissafin ƙarfin ƙafa ba tare da an cika mata ƙarfe ba, da irin kusurwar da ƙugiya za ta daki doro ba ta yi tsalle ta haye igiya ba, da umarnin da za a rubuta wa kwamfuta don ta riƙe jirgin a sakan ɗin nan da ya bar tudu bai gama samun gudun tashi ba, duk waɗannan ba ƙasar da ke sayar da su, ko ga aminiyarta. Sai an yi, an kuskure, an auna. Ƙasashen da suka mallaki wannan sani ba su cika yatsun hannu biyu ba, Indiya kuwa ta shiga cikinsu da ɗan jirgin da aka ƙi. A kan wannan sani ne hukumar Bangalor ta ɗora zanen wani sabon jirgi mai inji biyu, wanda aka fara shi don teku tun daga layin farko. Kuskuren da za a iya ɗora wa shugabannin shirin shi ne na 2003, da suka ɗauka gyara za su yi, alhali tarihin Seafire da Jaguar da Hawk yana gabansu a rubuce.

Ina Nijeriya A Ciki

Dangantakar sojan Nijeriya da na Indiya tsohuwa ce. Hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka kafa Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna a 1964, shugabanta na farko ma Birgediya M.R. Varma Ba'indiye ne, kuma Janar Obasanjo da Janar Buhari duk sun yi karatu a kwalejin hafsoshi ta Wellington da ke kudancin Indiya. Amma wannan ba ya nufin duk rigar da Indiya ta ɗinka za ta yi wa Nijeriya daidai.

Babu ƙasar Afirka da ke da jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi masu fiffike. Masar tana da biyu da ta saya daga Faransa a 2016, amma na jirage masu saukar ungulu ne. Waɗanda suka gwada don neman suna sun ji jiki. Tailan ta karɓi nata a 1997, kafin shekara 10 jiragen samansa sun tsufa an ajiye su, ya zauna a tasha ba kaya. Barazil ta sayi tsohon na Faransa a shekarar 2000, ya fi daɗewa a gyara bisa ga aiki, daga ƙarshe ta nutsar da shi da hannunta a tekun Atlantika cikin Fabrairu na 2023.

Gaɓar tekun Nijeriya kilomita 850 ce da 'yan kai, kuma duk inda aikin soja ya kai ta a Afirka ta Yamma, ta sami filin sauka a tudu. A yaƙin Laberiya na shekarun 1990 jiragenta na Alpha sun yi aiki daga filin Lungi na Saliyo. A rikicin Gambiya na Janairu 2017 a Dakar suka sauka. Ran 7 ga Disamba na 2025, da waɗansu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Shugaba Patrice Talon, daga gida jiragen Nijeriya suka tashi suka kai ɗauki Kwatano. Abin da ke hana mutanen iyakar Kebbi barci kuwa, watau Lakurawa da ɓarayin daji, a kan babura suke yawo, maganinsu ƙananan jirage ne masu daɗewa a sama, irin Super Tucano 12 da aka karɓa daga Amurka a 2021 aka zaunar a Kainji, can ƙasa da Bagudo a bakin wannan kogi na Kwara. A shekarar ne kuma aka shigo da JF-17 guda 3 daga Pakistan.

Inda labarin Tejas ya taɓa Nijeriya shi ne wajen abin da ake yi da aikin da bai kai ga gaci ba. Ƙasar nan ma ta taɓa harhaɗa jirgin sama. A Kaduna aka yi Air Beetle, ɗan jirgin koyo da aka samo zanensa daga Amurka, aka yi guda 60 don sojan sama a shekarun 1990, ɗalibai da yawa kuma a kansa suka fara sanin sama. Da ya tsufa ba a sami magajinsa daga wannan rumfa ba, sai a 2016 aka nufi Pakistan aka yi cinikin Super Mushshak guda 10, hannuwan da suka koyi aikin kuwa kowa ya kama gabansa.

Sojan ruwan Nijeriya sun ɗan fi riƙe zaren. A ma'aikatarsu ta Ikko suka ƙera Andoni, ɗan jirgin sintiri mai tsawon mita 31, aka ƙaddamar da shi a 2012. Karaduwa ya biyo a 2016, Oji a 2021, kowane ya ɗara na gabansa girma. Jirgin yaƙi na farko da Indiya ta ƙera da hannunta, mai suna Ajay, shi ma ɗan jirgin sintirin gaɓa ne irin wannan, daga wata ma'aikata ta Kalkata, a 1961. Tsakaninsa da sabon Vikrant shekara 61 ce.